Mota tawa ce a takarda, amma hannu nawa ke tuƙa ta?

Mota ɗaya ce a gidanmu da ke Rikkos a garin Jos, wata Corolla 'yar Kwatano ruwan toka, kuma sunana ne a kan duk takardunta, domin da bashin ƙungiyar ma'aikatan asibitin da nake aiki na saye ta. Sai dai in za a jera waɗanda suka fi daɗewa a kan sitiyarinta, ni ce zan zo ƙarshe. Da safe maigida ke ja, ya sauke yara a makaranta, ya sauke ni, ya wuce shagonsa na atamfa da shadda a Taminus. Ranar Asabar ƙaninsa ne ke kai Hajiya, surukata, Farin Gada sayen dankali da kabeji, ko Bukuru gaisuwar rasuwa. Babban yarona kuwa, tun da ya cika shekara 18 ya shiga Jami'ar Jos, duk inda na ajiye mukulli sai idonsa ya kai wurin. Ban ma kawo maganar maƙwabta ba, masu kai amarya da masu naƙudar tsakar dare.

Haka yawancin gidajenmu suke. Mota ta gida ce, wani lokacin ma ta layi ce gaba ɗaya. Ita kuwa takardar inshora mutum ɗaya ta sani, wanda sunansa ke sama. Duk wanda ya hau motar ban da shi, a kan izininsa yake tafiya da kuma sharuɗɗan da ya sa wa hannu, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya sa na zauna na karanta tawa shi ne, ƙungiyar da ta ba ni bashi ta ce sai da cikakkiyar inshora har in gama biya, wato wadda ke gyara motar ita kanta in ta yi haɗari, ko ta biya in an sace ko ta ƙone. Fam ɗin da aka ba ni in cike yana da tambayoyin da ba a yi wa mai sayen ƙaramar inshora, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani kawai, a ofishin lasin: su wa za su riƙa tuƙa motar, shekarunsu nawa, tun yaushe suke da lasin, akwai wanda ya taɓa yin haɗari ko aka taɓa hana shi tuƙi. Ma'aikaciyar kamfanin ta ga na tsaya ina juya biro, sai ta ce, "Hajiya, ki rubuta su duka. Abin da za a ƙara miki yau bai kai abin da za ki rasa ba ranar da aka gano an ɓoye wani."

Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila dariya ta yi da na ba ta labari, ta ce ai mu cikin sauƙi muke. A can sunan direba ake bi. Duk wanda zai riƙa tuƙa motarka sai ka sanar da kamfani an shigar da shi, an duba shekarunsa da tarihin tuƙinsa, an sake yanka maka kuɗi. In matashi ne ɗan 18 ko 19, ƙarin ba kaɗan ba ne. Shi ya sa wasu iyaye ke rubuta cewa su ne ainihin masu tuƙin alhali yaron ne ke yawo da motar kullum, kuma a dokarsu wannan zamba ce, kamfani na iya soke inshorar ya ƙi biyansu ko sisi. A Amurka ma kamfanoni sukan so a lissafa musu duk mai lasin da ke kwana a gidan.

Tsarinmu na Najeriya ya fi dacewa da irin zamanmu. Ka ɗauko satifiket ɗin inshorar da ke cikin takardun motarka, akwai wurare biyu da ba mu cika kai ido gare su ba. Na farko ya faɗi waɗanda aka yarda su tuƙa. A tawa, da sauran na motocin gida da na taɓa dubawa, an rubuta mai inshorar, sai kuma duk wanda ke tuƙi da umarninsa ko izininsa, muddin doka ta yarje wa mutumin ya tuƙa irin wannan mota kuma kotu ba ta hana shi ba. Na biyu ya faɗi abin da aka yarda a yi da motar: hidimar gida, zumunci, shan iska, da harkar aikin mai inshorar. Ban da haya, ban da ɗaukar fasinja a karɓi kuɗi, ban da tsere. Akwai kuma cikakkiyar inshorar da akan taƙaita ga sunayen da aka rubuta kawai, mai irin wannan in ya miƙa wa wanda ba ya cikin jerin, to ya miƙa ne a kan aljihunsa.

Da na ɗora mutanen gidanmu a kan waɗannan layuka, kowa da inda tasa ta karkace.

Na ɗauka ta maigida ce za ta fi sauƙi. Yana da lasin tun kafin a yi aurenmu, bai taɓa buge ko akuya ba, izini kuwa ai maganar ma ba ta taso ba. Amma takarda ta ce harkar aikin mai inshorar, kuma mai inshorar ni ce, aikina jinya. Shi kuwa in kaya suka iso daga Kantin Kwari, da motar nan yake zuwa tasha ya cika but da kujerar baya da bandir-bandir na shadda ya kai shago. Wannan kasuwancinsa ne, ba nawa ba. Na rubuta wa kamfani na faɗa musu yadda abin yake, suka ba ni 'yar takardar ƙari da sunansa a kai da irin amfanin da yake yi da motar, na haɗa ta da satifiket. Da na nuna masa sai ya yi murmushi ya ce, "To, ranki ya daɗe, yau na zama direban Hajiya a hukumance." Na ce ai albashin ne dai babu.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne kada ka tsaya a kan "ba komai" da wakilin kamfani zai faɗa maka ta waya. Wakili na iya barin aiki, na iya mantawa, na iya cewa ba haka ya ce ba. In an yarda da wani abu, a rubuta a ba ka.

Ta ƙanin maigida ce ta fi ba ni aiki. Yaro ne mai kirki, shi ke ɗawainiyar Hajiya ba ya gajiya, ga shi da hannu a tuƙi. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ya ɗauki ɗabi'ar da kusan duk mai ƙaramar mota ya ɗauka. In an aike shi Bauchi sai ya tsaya a bakin hanya ya ɗebi mutum uku "don kuɗin mai". In Abuja ce, daga Mararrabar Jama'a ya cika mota, a gangara Hawan Kibo da ita har Akwanga da Keffi. Ban ga laifin tunaninsa ba, mai ya yi tsada, kujeru kuma ba kowa. Amma da zarar ya karɓi kuɗin mutum, motar gida ta koma kabu-kabu, kuma wannan shi ne abin da aka rubuta baƙi da fari cewa ba a yarda da shi ba. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san abin da tirela mai tsinkakken birki ke yi a wurin. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, fasinjan da ke kwance a asibiti ba zai ɓoye wa 'yan sanda cewa ya biya kuɗin mota ba, kuma ba shi da dalilin ɓoyewa. Daga nan kamfani ya samu ƙofar fita, iyalan waɗanda suka ji rauni kuma gidan mai mota za su nema.

Da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ban kai ƙara wurin yayansa ba. Wata rana ya dawo da mukulli na ce, "Malam direba, ina balas ɗina na yau? Na ji an ce ka buɗe tasha." Ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Anti, mutum biyu ne fa kawai, su ma taimako ne." Na ce taimako ba a karɓar masa dubu biyar. Muka yi dariya, sannan na ɗauko satifiket na nuna masa layin da yatsa. Yarjejeniyar da muka yi ita ce, in aiken gida ne mu za mu cika masa tanki zuwa da dawowa, in ya ga tsohuwa a hanya ya rage mata don Allah wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma kuɗi ba zai shiga tsakani ba. Haka na faɗa wa wani ɗan yayata da ya zo da shawarar ya riƙa yin Bolt, hayar da ake kira ta waya, da motar da yamma muna rabawa. Mai son wannan sana'a inshorar motar haya zai yanka, ita kuma kuɗinta daban.

Sai babban yaro. Nan ne zuciyar uwa da takarda suka fi jayayya. Ya iya mota, ban musa ba. A filin ƙwallo abokansa suka koya masa, yana ribas da hannu ɗaya ma don ya burge ƙannensa. Amma iyawa daban, lasin daban. Doka ta ce sai shekara 18, sai an bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, an riƙe takardar izinin koyo, an manna jan harafin L gaba da baya, kuma mai lasin na zaune a gefe duk lokacin da ɗan koyo ke kan titi. Wani abokin babansa ya ce a kawo hoto da kuɗi kawai, zai kawo lasin har gida cikin sati. Na ce a'a. Lasin na gaskiya sai mutum ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda aka kawo har gida zai iya wuce shingen ɗan sandan da ya gaji da tsayuwa, amma ranar neman diyya, cikin abubuwan farko da kamfani ke nema akwai lasin wanda ke tuƙi lokacin da abin ya faru, kuma su suna da lokacin bincikawa.

Ko ya samu na gaskiyar ma, akwai wani abu a cikakkiyar inshora da ya kamata iyaye su sani. A kowace ɓarna akwai kason farko da mai mota ke biya daga aljihunsa kafin kamfani ya ɗauki sauran. To a tawa an rubuta cewa in matashi ne ke tuƙi, ko wanda bai daɗe da samun lasin ba, wannan kaso yana ƙaruwa. Na karanta masa wurin da kaina, na ce ya san duk fitilar da ya fasa, kafin kamfani ya motsa ni zan fara motsawa, ni kuma kuɗin aljihunsa zan motsa.

Akwai wasu direbobin da ba ma lissafawa sam. Yaron wankin mota da ke cewa "Hajiya kawo in gyara mata tsayuwa." Almajirin gida ko maigadi da ke son ya fitar da ita waje kafin a fito. Yaron bakanike da ake aika ya dawo da ita. Yawancinsu ba su da lasin, wasu ma ba su kai shekarun ba. Ni dai a wurin wanki da kaina nake matsar da ita, ko da za a ce na cika iyayi.

Maƙwabta kuwa, a nan ba zan yi wa kowa wa'azi ba. In aka buga ƙofa ƙarfe biyun dare mace na naƙuda, ba mai hankalin da zai tsaya tambayar lasin. Abin da muke yi shi ne maigida ya tashi ya kai su da kansa, ko ni in ja tunda dama aikina ne. Aron biki ne na daina bayarwa sai da direbanmu a ciki. Wanda ya karɓi mukulli a hannunka da ladabi, dattijo mai lasin, ba shi ne zai tuƙa ba in an fito ɗaukar amarya. Wani saurayi zai miƙa wa, shi kuma ya shiga jerin gwano yana wasa da sitiyari a titin Bauchi, mutum bakwai a ciki. Izinin da na bayar ga mutum ɗaya na bayar, bai haɗa da wanda shi ya ga dama ya ba wa ba. An ɗan yi gunaguni a layi, an ce Maman yara ta fiye ƙa'ida. Da aka ga motar na zuwa bikin, da direba da mai a ciki, sai gunagunin ya mutu.

Mafi yawan masu karanta wannan rubutu, ƙaramar inshora gare su, wadda doka ta wajabta tun dokar 1945, mai biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga 5,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta a duk faɗin ƙasa. Sharuɗɗan nan na izini da lasin da amfani duk sun hau kanta ita ma. Amma a san iyakarta: ba ta gyara motarka, ba ta biyan maganin wanda ke tuƙi, kuma in ɗanka ya yi ribas ya karya ƙofar gidanku, wannan dukiyarka ce ba ta wani ba. Miliyan 3 ɗin ma, a farashin yau, in ƙaddara ta haɗa yaronka da wata jibgegiyar jif a Rayfield, ba lallai ta rufe ba, cikon kuma naka ne.

Duk wannan ma sai in takardar ta gaskiya ce. 'Yan "kawo in sabunta maka" sun cika bakin ofisoshin lasin, kuma wanda ya ce zai yi maka inshorar motar gida a dubu biyar ko bakwai yau, takarda kawai zai buga maka. Ana dubawa a waya: ka danna *565*11# ka sa lambar mota, ko ka shiga askniid.org, rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi. In lambar motarka ba ta fito ba, ka koma wurin wanda ya karɓi kuɗinka tun kafin wani ya fita da motar.

Hajiya surukata ta taɓa tambayata ko wannan abu ma ya halatta. Tambaya ce da mutane da yawa ke yi a nan, kuma ita ce ta sa wasu ke yankar ta bogi don kawai su wuce shinge. Yanzu akwai takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, masu lasisin NAICOM. A tsarinsu abin da ka biya gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, in shekara ta ƙare aka samu rara sai a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Wannan ma wani dalili ne na kula da hannun da ke karɓar mukulli, don haɗarin da wani ya yi da motarka, a lissafinka ake rubuta shi, rararka ce ke tafiya. A inshora ta yau da kullum ma haka ne, rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba shi ke zubewa.

Wani abin da sai da na tara su duka na faɗa shi ne abin da za a yi in an yi karo. Mu mutanen sulhu ne. Ana gogar juna a shataletale, jama'a sun taru, sai ka ji "a yi haƙuri, laifina ne, mu je wurin mai gyaran jiki ni zan biya." A ƙaramar gogayya wannan ya fi sauƙi ga kowa, ni ma na fi son sa. Amma in ɓarnar babba ce ko an ji rauni, sharaɗin inshora shi ne kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da sanin kamfani ba, ka sanar da su da wuri, a samu rahoton 'yan sanda. Ƙanin miji mai kunya zai iya ɗaukar alkawarin miliyan a bakin titi don dattawa sun sa baki, washegari kamfani ya ce shi bai aike shi ba. Don haka na rubuta a wata 'yar takarda: a fara kai mai rauni asibiti, a ɗauki hoto kafin a matsar da mota, a kira ni, a kira lambar kamfani. Tana cikin aljihun gaban mota tare da kwafin lasin kowannensu.

Maigida na shirin sayen motar wani abokinsa, wata tsohuwar Golf, don a rage wa tawa wahala. Abokin ya ce inshorarta da saura wata takwas, sai a ci gaba da ita kawai. Na ce ba haka ake yi ba. Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mai suna a takarda, ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita don kawai an miƙa mukulli. Motoci da yawa a garin nan suna yawo da sunan mutumin da ya sayar da su shekaru da suka wuce, wani ma ya rasu, ana ta sabunta takardu da sunansa. To ranar da aka je neman diyya, wa zai sa hannu, izinin wa za a ce an samu? Mun tsaya a kan cewa ranar da aka biya kuɗin Golf, ranar za a fara canjin suna, a yanki sabuwar inshora da sunan maigida.

Inda ba mu daidaita ba tukuna shi ne tawa. Bashin ƙungiya ya kusa ƙarewa, daga nan ba wanda zai tilasta min cikakkiya. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato motar miliyan 6 tana cin naira 300,000 a shekara. Maigida ya ce a koma ta 15,000, sauran a zuba a kuɗin makarantar yara, kuma lissafinsa ba na banza ba ne. Ni kuma ina duba cewa a daidai wannan shekarar ce yaron da ke ribas da hannu ɗaya zai karɓi lasinsa. Na ce masa a ƙara shekara ɗaya a kan cikakkiyar, a shigar da sunan yaron, in ya shekara bai kawo mana fasasshiyar fitila ba sai a sake zama. Ya ce zai yi tunani, ni kuma na riga na karɓo fam ɗin sabuntawa.